5 ga Fabrairu: Ronaldo, Neymar, Tiwa Savage da sauran taurarin da suka haɗa ranar haihuwa

Duk shekara idan 5 ga watan Fabrairu ta zagayo, shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp na masoya ƙwallon ƙafa, daga Yamai zuwa Garwa, daga Njamena zuwa zangon Kumasi, sukan cika da hotunan mutum biyu: Cristiano Ronaldo da Neymar. An haife su a rana ɗaya ta shekara, da tazarar shekara 7 tsakaninsu. Amma ba su kaɗai ne 'ya'yan wannan rana ba. Akwai Carlos Tevez da Gheorghe Hagi, akwai manyan masu horarwa biyu, akwai jarumin fina-finan Indiya Abhishek Bachchan da mawaƙiyar Najeriya Tiwa Savage.

Wannan maƙala ta tattaro fitattu daga cikinsu da taƙaitaccen tarihin kowa, da wuraren da hanyoyinsu suka haɗu. A ƙarshe kuma ta duba tambayar da ake yawan yi a majalisa: shin akwai wani sirri a cikin wannan rana, ko dai dace ne kawai?

Jerin sunaye a taƙaice

- 1932: Cesare Maldini, ɗan ƙwallo kuma koci, Italiya
- 1934: Hank Aaron, ɗan wasan besbol, Amurka
- 1946: Charlotte Rampling, 'yar fim, Ingila
- 1948: Sven-Göran Eriksson, koci, Suwidin
- 1965: Gheorghe Hagi, ɗan ƙwallo, Romaniya
- 1969: Bobby Brown, mawaƙi, Amurka
- 1969: Michael Sheen, ɗan fim, Wales
- 1975: Giovanni van Bronckhorst, ɗan ƙwallo kuma koci, Holan
- 1976: Abhishek Bachchan, ɗan fim, Indiya
- 1980: Tiwa Savage, mawaƙiya, Najeriya
- 1984: Carlos Tevez, ɗan ƙwallo, Ajantina
- 1985: Cristiano Ronaldo, ɗan ƙwallo, Fotugal
- 1992: Neymar, ɗan ƙwallo, Birazil
- 1992: Stefan de Vrij, ɗan ƙwallo, Holan
- 1995: Adnan Januzaj, ɗan ƙwallo, Beljiyam

Cristiano Ronaldo (1985)

An haife shi a Funchal, babban birnin tsibirin Madeira, wanda ke cikin tekun Atlantika, ya ma fi kusa da gaɓar Maroko a kan babban yankin Fotugal. Shi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinsa ma'aikacin lambu ne na hukumar gari, yana kuma kula da kayan wasa a ƙaramar ƙungiyar Andorinha, mahaifiyarsa kuwa mai dafa abinci ce. Sunan Ronaldo ya samo shi ne daga Ronald Reagan, tsohon ɗan fim da ke mulkin Amurka a lokacin, wanda shi kuma ranar haihuwarsa 6 ga Fabrairu ce. Yana da jinin Afirka ta ɓangaren mahaifinsa, domin kakar mahaifinsa 'yar tsibiran Cap-Vert ce.

Yana da shekara 12 ya bar gida zuwa makarantar ƙwallo ta Sporting da ke Lisbon. Yana da 15 aka gano zuciyarsa na bugawa fiye da kima, har sai da aka yi masa aiki kafin ya ci gaba da wasa. Manchester United ta saye shi a 2003 a kan fam miliyan 12 da 'yan kai, Real Madrid kuma ta ɗauke shi a 2009 a kan fam miliyan 80, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da shi ba a lokacin. A Madrid ya ci ƙwallo 450 a wasa 438. Daga nan ya je Juventus a 2018, ya koma United a 2021, sannan ya tafi Al-Nassr ta Saudiyya a farkon 2023.

Ya lashe Ballon d'Or sau 5 (2008, 2013, 2014, 2016 da 2017), ya ɗauki kofin Zakarun Turai sau 5, kuma ƙwallo 140 da ya ci a gasar babu wanda ya kai shi. Da Fotugal ya ɗauki kofin nahiyar Turai a 2016. A watan Satumban 2021 ya wuce Ali Daei na Iran, mai ƙwallo 109, ya zama namijin da ya fi kowa ci wa ƙasarsa ƙwallo. Fenaretin da ya ci Gana a Katar a Nuwamban 2022 shi ya mai da shi namiji na farko da ya ci ƙwallo a gasar Kofin Duniya har guda biyar. A Satumban 2024 ya cika ƙwallo 900 a wasannin da hukuma ke ƙirgawa.

Neymar (1992)

Neymar da Silva Santos Júnior ɗan garin Mogi das Cruzes ne a jihar São Paulo. Ya taso yana buga ƙwallon cikin ɗaki, mai 'yan wasa biyar-biyar, inda ya koyi yanka da sarrafa ƙwallo a ƙaramin fili. Ya fara yi wa babbar ƙungiyar Santos wasa a 2009 yana da shekara 17, kuma a 2011 ya taimaka mata ta ɗauki Copa Libertadores, kofin zakarun Kudancin Amurka, wanda rabonta da shi tun zamanin Pelé.

Ya koma Barcelona a 2013, inda shi da Lionel Messi da Luis Suárez suka ɗauki manyan kofuna uku a 2015. Mutanen Kamaru ba za su manta da shi ba: a Kofin Duniya na 2014 ya zura musu ƙwallo biyu a birnin Brasilia, wasan da aka tashi 4 da 1. Bayan kwanaki kaɗan ya samu karaya a ƙashin baya a wasan Kolambiya, bai buga wasan da Jamus ta ci Birazil 7 da 1 ba. A 2016 shi ya buga fenaretin ƙarshe da ya ba Birazil lambar zinare ta farko a ƙwallon ƙafa ta gasar Olamfik, a gaban 'yan kallo na gida a Rio.

A 2017 Paris Saint-Germain ta biya yuro miliyan 222 don ɗaukarsa, wato kimanin biliyan 145 na kuɗin sefa. Ya tafi Al-Hilal ta Saudiyya a 2023, a watan Satumban wannan shekara kuma ya wuce ƙwallo 77 da Pelé ya ci wa Birazil. Wata ɗaya bayan haka jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan Uruguay, ya yi kusan shekara guda yana jinya. Ya koma Santos a farkon 2025, kuma wasansa na farko bayan komawar ya faɗo daidai ranar 5 ga Fabrairu, ranar da ya cika shekara 33.

Carlos Tevez (1984)

Tevez ya girma ne a Fuerte Apache, wata unguwar talakawa da ta yi ƙaurin suna wajen tashin hankali a gefen Buenos Aires. Tabon da ke wuyansa, daga kunne zuwa ƙirji, na tafasasshen ruwa ne da ya zubo masa yana ɗan wata 10. Bayan ya samu suna an yi masa tayin a gyara tabon, ya ƙi.

Da Boca Juniors ya ɗauki Copa Libertadores a 2003. A gasar Olamfik ta Atens a 2004 ya ci ƙwallo 8, Ajantina ta samu zinare. An zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Kudancin Amurka sau uku a jere, daga 2003 zuwa 2005. Bayan Corinthians ta Birazil ya shiga Ingila ta West Ham, kuma ƙwallon da ya ci a Old Trafford a ranar ƙarshe ta kakar 2007 ita ta tabbatar ƙungiyar ba ta faɗa rukuni na biyu ba. Ya yi shekara biyu a Manchester United, ya tsallaka Manchester City a 2009, abin da magoya bayan United da yawa ba su yafe masa ba. Ya buga wa Juventus daga 2013 zuwa 2015, ya ɗan taɓa ƙasar Sin, ya ƙarasa a Boca, ya yi ritaya a 2022.

Gheorghe Hagi (1965)

Kafin Ronaldo da Neymar, Hagi ne tauraron 5 ga Fabrairu. Ana yi masa laƙabi da Maradonan tsaunukan Carpates saboda ƙafar hagunsa. Ya fito daga al'ummar Aromaniyawa, wata ƙaramar ƙabila mai harshenta da ke warwatse a ƙasashen Girka, Albaniya, Masedoniya ta Arewa, Bulgeriya da Romaniya. Sunan Hagi kansa tushensa ɗaya da Alhaji: ya shiga yankin ta harshen Turkanci, kuma Kiristocin yankin kan ba da shi ga wanda ya kai ziyarar ibada birnin Ƙudus.

Ya yi suna a Steaua ta Bukarest, ya buga wa Real Madrid daga 1990 zuwa 1992 da Barcelona daga 1994 zuwa 1996. A Kofin Duniya na 1990 yana cikin tawagar Romaniya da Kamaru ta doke 2 da 1, ranar da Roger Milla ya ci ƙwallo biyu. A 1994 ya jagoranci ƙasarsa zuwa zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, bayan sun fitar da Ajantina, kuma har yau ana nuna ƙwallon da ya ci Kolambiya daga can gefen fili. Ya ƙare wasa a Galatasaray ta Turkiyya, inda ya ɗauki kofin lig sau huɗu a jere da kofin UEFA na shekarar 2000. Daga baya ya kafa makarantar ƙwallo da ƙungiyar Viitorul a 2009, wadda ta zama zakarar Romaniya a 2017.

Masu horarwa da 'yan baya

Cesare Maldini shi ne kyaftin ɗin AC Milan lokacin da ta ɗauki kofin Turai a Wembley a 1963, karo na farko da wata ƙungiyar Italiya ta yi hakan. Bayan shekara 40 cif ɗansa Paolo ya ɗaga kofin a matsayin kyaftin ɗin wannan ƙungiya, shi ma a ƙasar Ingila. Cesare ya horar da Italiya a Kofin Duniya na 1998, inda ta ci Kamaru 3 da nema, ya kuma jagoranci Paraguay a gasar 2002. Ya mutu a 2016.

Sven-Göran Eriksson ya ɗauki kofin UEFA da Göteborg a 1982 da kofin lig na Italiya da Lazio a 2000. A 2001 ya zama baƙo na farko da ya horar da tawagar Ingila. Shi ne kuma ya jagoranci Kwaddibuwa ta su Didier Drogba da Yaya Touré a Kofin Duniya na 2010 a Afirka ta Kudu. Ya mutu a watan Agustan 2024 bayan fama da ciwon daji.

Giovanni van Bronckhorst ya ɗauki kofin Zakarun Turai da Barcelona a 2006 tare da Samuel Eto'o, shi ne kuma kyaftin ɗin Holan a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2010. Ɗan ƙasarsu Stefan de Vrij, mai tsaron baya da ya yi wasa a Feyenoord da Lazio da Inter, rana ɗaya, shekara ɗaya aka haife shi da Neymar.

Inda hanyoyinsu suka haɗu

A 2006 Fotugal ta fitar da Ingilan Eriksson daga Kofin Duniya a bugun fenareti, kuma Ronaldo ne ya buga na ƙarshe. Sun sake haɗuwa a 2010, lokacin da Kwaddibuwa da Fotugal suka tashi babu ci.

A wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2008 a Mosko, Ronaldo da Tevez riga ɗaya suka sa. Ronaldo ya ci Chelsea ƙwallo da ka. Da aka zo bugun fenareti Tevez ya buga na farko ya ci, Petr Čech kuma ya tare na Ronaldo, amma duk da haka United ta ɗauki kofin.

A 2015 mutum ukun sun ci karo da juna a cikin wata guda. A wasan kusa da na ƙarshe a Turin, Ronaldo ya ci wa Real Madrid, Tevez ya ci wa Juventus fenaretin da ya ba ta nasara 2 da 1. Juventus ta wuce zuwa wasan ƙarshe a Berlin, inda Barcelona ta doke ta 3 da 1, Neymar ne kuma ya ci ƙwallon ƙarshe.

Hank Aaron (1934)

Wasan besbol bai shahara a ƙasashenmu ba, amma labarin Aaron ya wuce na wasa. A besbol ana jefo wa ɗan wasa ƙaramar ƙwallo ya make ta da sanda, kuma babbar bajinta ita ce ya make ta ta tsallake shingen fili gaba ɗaya. Baƙar fata ne daga garin Mobile na jihar Alabama, ya fara wasa a gasar da aka ware wa baƙaƙe a zamanin wariyar launin fata. Wani Bature mai suna Babe Ruth, wanda aka haifa ranar 6 ga Fabrairu, ya yi irin wannan bugu sau 714, kuma ana ganin ba za a taɓa kamo shi ba. Da Aaron ya matso kusa, sai wasiƙun zagi da barazanar kisa suka yi ta zuwa masa, har sai da aka ba shi masu tsaro. Ranar 8 ga Afrilun 1974 ya yi bugu na 715 a Atlanta. Ya yi ritaya a 1976 da 755, adadin da ba a wuce ba sai a 2007. Ya mutu a Janairun 2021.

Abhishek Bachchan (1976)

Ga masu kallon fina-finan Indiya, sunan Bachchan ba baƙo ba ne. Abhishek ɗa ne ga Amitabh Bachchan da Jaya Bachchan. Ya fara fitowa a fim ɗin Refugee a 2000 tare da Kareena Kapoor, sai dai fina-finai da dama da suka biyo baya ba su yi kasuwa ba, ana ta auna shi da mahaifinsa. Tauraronsa ya fara haske a 2004 da Yuva da Dhoom, sannan Sarkar da Bunty Aur Babli a 2005, da Guru a 2007, shekarar da ya auri Aishwarya Rai. A fim ɗin Paa na 2009 an juya al'amarin: shi ya fito a matsayin uba, Amitabh ya fito a matsayin ɗansa mai ciwon da ke sa yaro tsufa da wuri. Shi ma yana da alaƙa da ƙwallo, domin yana cikin masu ƙungiyar Chennaiyin da ta zama zakarar gasar Indiya a 2015 da 2018.

Tiwa Savage (1980)

An haifi Tiwatope Savage a Legas, iyalinta suka koma Landan tana da shekara 11. Ta fara da yin amshi ga manyan mawaƙa irin su George Michael da Mary J. Blige, ta yi karatun kiɗa a kwalejin Berklee ta Amurka, sannan ta dawo gida a lokacin da maza suka mamaye kiɗan Afrobeats. Waƙarta Kele Kele Love ta fito a 2010, ta shiga kamfanin Mavin na Don Jazzy a 2012, kundinta na farko kuma ya fito a 2013. A 2018 ta zama mace ta farko da ta lashe kyautar MTV ta Turai a rukunin gwarzon mawaƙin Afirka. A watan Mayun 2023 ta yi waƙa a bikin naɗin Sarki Charles na Ingila.

Sauran 'yan fim da mawaƙa

Bobby Brown da Michael Sheen rana ɗaya aka haife su a 1969. Brown ya fara waƙa yana yaro a ƙungiyar New Edition ta Boston, kundinsa Don't Be Cruel na 1988 ya yi kasuwa ƙwarai, ya kuma auri Whitney Houston a 1992, suka rabu a 2007. Sheen ya yi suna wajen fitowa a matsayin mutanen da aka sani, kamar Tony Blair a fim ɗin The Queen. A 2019, da kuɗi suka yanke wa gasar ƙwallon duniya ta marasa matsuguni da aka shirya a Cardiff, ya sayar da gidajensa ya cike giɓin. Charlotte Rampling kuwa 'yar Ingila ce da ta daɗe tana zaune a Faransa tana fim da harsunan biyu, an kuma ba ta kyautar girmamawa ta César a 2001.

Wasu ranakun da taurari suka haɗa

- 2 ga Fabrairu: Shakira (1977) da Gerard Piqué (1987)
- 10 ga Maris: Chuck Norris (1940) da Samuel Eto'o (1981)
- 14 ga Maris: Aamir Khan (1965), Nicolas Anelka (1979), Stephen Curry (1988) da Simone Biles (1997)
- 15 ga Maris: Ali Nuhu (1974) da Paul Pogba (1993)
- 2 ga Mayu: Dwayne Johnson (1972) da David Beckham (1975)
- 24 ga Yuni: Juan Román Riquelme (1978) da Lionel Messi (1987)
- 14 ga Oktoba: Usher (1978) da Ahmed Musa (1992)
- 7 ga Disamba: John Terry (1980) da Rahama Sadau (1993)
- 30 ga Disamba: Tiger Woods (1975) da LeBron James (1984)

Me lissafi ya ce?

Wannan jeri na biyu ya riga ya ba da rabin amsa: kowace rana tana da nata. Mutanen duniya sun haura biliyan 8. Idan aka raba su a kan kwana 365, kowace rana za ta samu mutum kusan miliyan 22. Ba abin mamaki ba ne a samu 'yan ƙwallo goma da mawaƙa biyar a cikin wannan taro.

Ko a ƙaramin taro ma, haɗa ranar haihuwa ya fi yadda ake zato sauƙi. Idan mutum 23 suka taru, yiwuwar a samu biyu daga cikinsu masu rana ɗaya ta ɗan haura kashi 50 cikin 100. Dalili shi ne ba mutum ɗaya ake gwadawa da sauran ba, kowa ake gwadawa da kowa, kuma daga mutum 23 ana iya fitar da haɗin mutum bibbiyu har 253. A mutum 30 yiwuwar ta kai kashi 70, a mutum 57 ta kai kashi 99. Ke nan duk malamin da ke da ɗalibai 60 a aji, in dai an rubuta ranakun haihuwarsu daidai, da wuya ya rasa biyu masu rana ɗaya. Mutum 23 kuwa shi ne adadin waɗanda ke cikin fili a kowane wasa, 'yan wasa 22 da alƙali. An gwada wannan lissafi a Kofin Duniya na 2014, inda ƙasashe 32 suka zo da 'yan wasa 23 kowacce: a ƙasashe 16, rabi cif, an samu 'yan wasan da suka haɗa ranar haihuwa.

Sai dai akwai abu ɗaya da ya fi dace. Hukumomin wasanni suna raba yara rukuni-rukuni bisa shekarar haihuwa, kuma tun 1997 gasar matasa ta FIFA tana fara ƙirga daga 1 ga Janairu. Yaron da aka haifa a Janairu ko Fabrairu da wanda aka haifa a Disamba rukuni ɗaya suke shiga, alhali akwai kusan shekara guda tsakaninsu. A shekara 10 ko 11 wannan tazara babba ce wajen tsawo da ƙarfi da gudu. Mai neman 'yan wasa zai fi ganin babban, ya ɗauke shi, ya samu koci mai kyau da wasanni masu yawa, tazarar ta ƙara faɗi. Masu bincike a Kanada ne suka fara fito da wannan a fili a shekarun 1980 a wasan hoki na ƙanƙara, daga baya aka same shi a ƙwallon ƙafa a ƙasashe da dama. A Ingila, inda ake ƙirga daga 1 ga Satumba, 'yan Satumba zuwa Nuwamba ne ke cin wannan gajiya.

Wannan ya bayyana dalilin yawan 'yan farkon shekara a makarantun ƙwallo, amma bai ware 5 ga Fabrairu daga 4 ko 6 ga wata ba, bai kuma yi alƙawarin komai ga kowa ba. Pelé da Maradona 'yan Oktoba ne, Zidane da Messi da Mohamed Salah 'yan Yuni, Kylian Mbappé kuma an haife shi kwana 11 kafin ƙarshen shekara.

Ranar mako da ranar takarda

A al'adar Bahaushe ranar mako ake riƙewa, har a sa ta a suna. Da a ƙasar Hausa aka haife su, da Ronaldo Ɗantala ne, Neymar Balarabe, Tevez Ɗanladi, Hagi Ɗanjuma, Abhishek Ɗanlami, Tiwa kuma Talatu. Kwanan wata kuwa takarda ce ke riƙe shi, kuma a nan ne wannan hira ta nishaɗi ta shafe mu kai tsaye. Duk waɗanda aka lissafa a sama an san ranarsu ne saboda wani ya je ofis ya sa an rubuta. Ko a can ma ana samun tangarɗa: Ronaldo na Birazil an haife shi ranar 18 ga Satumban 1976, amma takardunsa 22 ga wata suka nuna saboda an yi jinkirin yi masa rajista.

A Nijar da Kamaru da Chadi, katin ɗan ƙasa na iyaye da kakanni da yawa «né vers» yake ɗauke da shi, wato an haife shi wajen shekara kaza. Da kwamfuta ta zo tana neman rana da wata, sai aka riƙa cike gurbin da 1 ga Janairu, a wasu wuraren 31 ga Disamba. Shi ya sa a takarda babu ranar da ta kai 1 ga Janairu yawan masu ita a unguwanninmu.

A fagen ƙwallo wannan giɓi yana da tsada. Tun gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009, FIFA ke amfani da na'urar MRI wajen ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu: idan ƙashin ya gama haɗewa, ana ɗaukar yaron ya wuce shekarun gasar. A 2016 'yan wasan Najeriya 26 sun faɗi gwajin ana daf da karawa da Nijar. Nijar ta fitar da masu riƙe da kofin duniya na wannan rukuni, ta kuma kai gasar duniya a Indiya a 2017. A ƙarshen 2022 hukumar ƙwallon Kamaru, ƙarƙashin Samuel Eto'o, ta sallami 'yan wasa 21 cikin 30 bayan irin wannan gwaji. Akwai masu rage shekaru da gangan. Akwai kuma yaran da ba su san ainihin shekarunsu ba, ga shi likitoci da dama na cewa ƙashi ba ya haɗewa a lokaci ɗaya ga kowane yaro, don haka na'urar na iya kuskure. Yaron da ke da takardar haihuwa ta asali, wadda aka yi tun yana jariri, shi ke da abin nunawa idan aka yi gardama.

Ba sai ɗan ƙwallo ba. Takardar haihuwa ake nema wajen zana jarrabawar gama firamare, da yin katin ɗan ƙasa da fasfo, da tabbatar da ɗan ƙasa ga iyalin da aka haifi uba a wannan ƙasa, uwa a waccan, 'ya'ya kuma a ta uku, kamar yadda yake a gidajen Hausawa da yawa na kan iyaka da na zango. Kowace ƙasa tana da wa'adin da ta ɗiba don kai sanarwar haihuwa a ofishin magajin gari ko cibiyar rajista. Idan wa'adin ya wuce sai an bi ta kotu a nemi abin da ake kira «jugement supplétif», da shaidu da kuɗi da zirga-zirga. Hanya mafi sauƙi ita ce a karɓi shaidar haihuwa daga asibiti ko wurin ungozoma, a kai ta ofis a makon suna, a kuma ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.